Gyara Kayanka: Maganin Tsatsa A Bangon Kwano

Duk wanda ya taɓa hawa tudun Mapo da ke birnin Badun, ya dubi garin gabas da yamma, abin da zai fara cika masa ido shi ne jan rufi, iyakar ganinsa. Baƙo yakan zaci wani irin fenti ne mutanen garin suka yi ittifaƙi a kansa. Alhali kuwa tsatsa ce ta shekara da shekaru ta rine kwanon, har ya zama alamar da ake gane garin da ita.

Tsatsar rufi kowa ya san ta, domin ran da ɗigo ya sauka a kan gado mai gida ba ya bukatar mai gaya masa. Wadda aka fi yi wa sakaci ita ce tsatsar bango. A unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa wa Hausawa tun 1916, da Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a Ikko, da sauran zangunan Hausawa na ƙasar Kurmi, shaguna da rumfuna da sito-sito masu ɗimbin yawa da kwano aka kewaye su. Haka gareji da ɗakunan injin niƙa da gidajen kaji a ko'ina cikin ƙasar nan. Bayan wannan falle, wanda sau da yawa bai kai kaurin farce ba, nan ɗan kasuwa ya jibge buhunan wake da huhunan goro da dilolin atamfa, wato jarinsa da na waɗanda suka ba shi amana. Idan bangon ya ruɓe daga ƙasa, feshin ruwa da ɓera da ɓarawo duk sun sami ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ABIN DA KE CIKIN FALLEN KWANO

Kafin a yi batun magani ya kamata a san jikin majinyacin. Kwano dai ƙarfe ne aka murje shi ya yi siriri, sa'an nan aka lanƙwasa shi tudu da kwari domin ya yi ƙarfi. Wani injiniya na tashar jiragen ruwa ta Landan, mai suna Henry Robinson Palmer, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1829. A 1837 kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya domin kare shi daga tsatsa. Har yau haka ake yi, ana tsoma ƙarfen a tutiya mai zafin awo 450 bisa ma'aunin santigiret. Haɗuwar dabarun nan biyu ita ta haifi kwanon da aka sani, wanda ya bi jiragen ruwa da layin dogo da kantunan Turawa ya shiga kowane lungu na Afirka ta Yamma.

Tsatsa ba ta samuwa sai abubuwa uku sun haɗu: ƙarfe da ruwa da iska. Aikin tutiya shi ne ta shiga tsakani. Tana kuma da wata baiwa da fenti ba shi da ita: idan aka ƙarce kwano har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da wurin ita za ta riƙa cinyewa a madadinsa, ƙarfen ya zauna lafiya muddin akwai sauranta a kusa. Amma fa rigar ba ta da kauri. Kwano mai nagarta yakan ɗauki tutiya giram 275 a kan kowace murabba'in mita, ciki da baya, wato kaurinta a kowane gefe kashi 1 ne cikin 50 na milimita, bai ko kai silin gashi ba. Kwano mai araha kuwa abin da aka shafa masa bai kusanci haka ba. Araha dai ba ta ado.

Idan aka kasa wannan riga ta kwano mai nagarta kashi 20, busasshiyar iskar ƙauye ba ta cin ko kashi 1 a shekara. Iskar bakin teku mai gishiri, ko ta unguwar masana'antu mai hayaƙi, tana iya cin kashi 4 zuwa 8 a shekara guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwanon da zai ga jikoki a Katsina ko Gumel yakan yi ja cikin 'yan shekaru a Apapa ko Fatakwal. Mutumin da ya taso a Arewa, inda rani ke da tsawo, ya sauka Ikko da lissafin garinsu, yakan yi mamakin yadda shagonsa ya tsufa tun bai gama biyan bashin gina shi ba.

Saboda haka jan da ya bayyana a bango saƙo ne. Ma'anarsa tutiyar wurin ta ƙare, yanzu ƙarfen ne da kansa ke cinyewa. Tsatsa kuma ba ta toshe kanta. Tana kumbura ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma, tana ɓarewa, tana shan ruwa kamar soso tana riƙewa, don haka inda ta kama nan ta fi saurin ci.

INDA TAKE FARA KAMAWA

Bangon kwano ba ya tsatsa bai ɗaya. Mai duba shi ya fara da gindi, domin nan ne ciwon ya fi yawa. Wurin da falle ya taɓa ƙasa, ko aka binne bakinsa cikin daɓen siminti, ko shara da yashi suka taru suka rufe shi, ba ya bushewa ko da rani. Ɗanyen siminti kuma da kansa yana cin tutiya. Ga ruwan da ke zubowa daga bakin rufi ya daki ƙasa ya fantsamo da laka. Ga kuma masu tsugunawa su yi fitsari a bayan shago, wanda gishirin da ke cikinsa ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Wuri na biyu shi ne mahaɗa, inda falle ya hau kan falle, ruwa ya shige tsakani ya kwana. Na uku bakin ƙusa, musamman baƙar ƙusa wadda ba a tsoma ta a tutiya ba, ita ce mai zubo da jan hawaye a jikin bango. Na huɗu bakin da aka yanka, wajen ƙofa da taga. Na biyar kuwa mutane da yawa ba su san da shi ba: ƙarƙashin inuwar rufi, inda ruwan sama ba ya kaiwa. A garuruwan bakin teku gishiri da ƙura sukan taru a nan, raɓa ta jiƙa su kowane dare, ba kuwa ruwan da zai wanke su.

Akwai kuma tsatsar da ke fitowa daga ciki. Buhun gishiri ko na takin zamani ko na kanwa da aka jingina da bango, da kashin kaji da fitsarin dabbobi, da tururin girki a ɗakin da ba shi da mafitar iska, duk suna cin kwano ta bayan fage. Sau da yawa waje yana nan fes, sai an danna da yatsa ya ɓurma. Tagulla ma abokiyar gabar tutiya ce: wayar tagulla ko bututunta idan suna taɓa kwano a wuri mai laima, tutiyar takan cinye da gaggawa.

MATAKI UKU NA CIWON

Mai gyara ya ɗauki sukudireba da alli ya bi bango falle-falle, ciki da waje, yana ƙwanƙwasawa yana dannawa, yana sa alama. Abin da zai tarar bai wuce iri uku ba.

Na farko, farin gari kamar alli, ko ɗan ja-ja wanda buroshi ke sharewa a ga ƙarfe lafiyayye a ƙasa. Farin nan tsatsar tutiya ce, ita ce kuma ke kama sabon kwano idan aka bar bandir a jibge ruwa ya shiga tsakanin fallayen. Wannan mataki wanki da fenti sun ishe shi.

Na biyu, tsatsa mai ɓawo, wadda idan aka kankare za a ga ƙananan ramuka kamar zanzana, amma ƙarfen bai huje ba, bai kuma yi laushi ba. Wannan yana gyaruwa, sai dai yana son haƙuri.

Na uku, wurin da haske ke shigowa, ko bakin sukudireba ya shige. Nan ƙarfe ya riga ya tafi, babu fentin da zai komo da shi. Sai faci ko canji.

YADDA AKE GYARAN

Abu na farko shi ne a kashe sanadin. A kwashe ƙasa da sharar da suka rufe gindin bango, a yi wa ruwa hanya ya bi, a gyara indararo, a janye buhuna daga jikin kwano a ɗora su kan katako. Wanda ya yi fenti bai yi wannan ba, baɗi war haka yana nan inda yake.

Na biyu wanki. A wanke bangon da ruwa da garin sabulu domin fitar da gishiri da maiƙo da ƙura, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a bar shi ya bushe sarai. A nan kusa da teku wannan wanki ba abin rainawa ba ne, gama gishirin da aka rufe da fenti zai ci gaba da jawo laima ta ƙarƙashi.

Na uku kankara. A sa makankari da buroshin waya a ɓamɓare duk ɓawon tsatsa da tsohon fentin da ya saki, a bi da samfefa har ƙarfe ya nuna haskensa, a kuma zarce iyakar jan da kamar faɗin yatsu biyu. Amma inda tutiya ke da sauran rai, wato inda kwano ke nan toka-toka, a bi shi a hankali, kada a goge rigar da ake neman ceto. Wannan shi ne aikin da ya fi wuya, shi ne kuma wanda 'yan kwangilar gaggawa ke tsallakewa. Shafa fenti a kan tsatsa kitso ne a kan ƙwarƙwata: mako biyu bango yana sheƙi, damina ɗaya fentin ya kumbura ya zube da ɓawon da ke ƙarƙashinsa, kuɗin fenti da na leburanci sun bi ruwa.

Na huɗu, tsatsar da ta maƙale cikin ramukan da buroshi ba ya kaiwa. Masu sayar da fenti suna da wani ruwan magani da ake shafawa, wanda ke juya jar tsatsa ta koma baƙa ko toka-toka mai tauri. Wani da asid ɗin fosforik ake yin sa, wani kuma da sinadarin nan mai bauri irin wanda ke cikin bagaruwa. Dukawa sun daɗe da sanin wannan sirri, domin haɗuwar ruwan ƙarfe da fatar da aka jeme da bagaruwa ita ke ba su baƙin rini. A shafa maganin a kan jan wurin kaɗai, a bi umurnin da ke jikin gwangwani. Faufau kada a yi amfani da ruwan batir. Yana cin tsatsa, yana cin tutiya, yana cin ƙarfe, yana kuma makantar da ido.

Na biyar fentin shimfiɗa, kuma a ranar da aka kankare za a shafa shi. Ƙarfen da aka tsiraita aka bar shi ya kwana a iskar Ikko, kafin gari ya waye ya soma ja. Mafi kyau shi ne fentin shimfiɗa mai garin tutiya a ciki, domin yana mayar wa wurin wani abu daga rigar da ya rasa. Idan bai samu ba, jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi yana yi a kan tsiraicin ƙarfe. Sai dai a lura da wani abu: fentin mai na yau da kullum ba ya zama da tutiya. Sukan yi faɗa a hankali, wani abu kamar sabulu ya fito tsakaninsu, fentin ya saɓule kamar fatar maciji. Saboda haka inda tutiya ke nan, a nemi fentin shimfiɗa wanda aka rubuta a jikinsa cewa an yi shi don kwano. Sabon falle mai walƙiya kuma, ko dai a bar shi ya sha iska da ruwa wajen wata 6 har ya dushe, ko a yi masa irin wannan shimfiɗa ta musamman.

Na shida fentin sama, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin a ɗora na biyu. A cusa buroshi cikin kwari da mahaɗa da kan ƙusoshi. Fenti mai haske ya fi, domin yana rage zafin ɗaki.

FACI DA CANJI

Ramin da bai wuce kan ƙusa ba ana iya toshe shi da sukuru mai washar roba, ko da mannin silikon. Amma silikon iri biyu ne. Wanda ke warin tsami mai hawa hanci idan an matso shi yana cin tutiya. A nemi marar wannan wari.

Idan ramin ya kai tafin hannu, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai lafiya, a shafe bakin da fentin shimfiɗa, a yanko faci daga kwano mai irin tudu da kwarin na bangon, wanda ya zarce ramin da kamar santimita 15 ta kowane gefe. Bakin facin na sama ya shige ƙarƙashin kwanon da ke bisansa, na ƙasa kuma ya hau kan wanda ke ƙarƙashinsa, yadda ruwa zai gangaro ya wuce bai sami baki ba. A sa manni tsakani, a ɗaure da sukuru. Facin kuma ya zama jinsi ɗaya da bangon. Tun 1972 aka fara sayar da wani kwano mai rigar alminiyum gauraye da tutiya, ga kuma na alminiyum zalla, to gwamutsa jinsi daban-daban a wuri mai laima yakan sa ɗaya ya ci ɗaya.

Da almakashin kwano ake yanka. Injin yankan ƙarfe mai faifai yana ƙone tutiyar bakin, yana kuma watsa tartsatsin ƙarfe a jikin bango, kowane ɗigo ya zama irin tsatsa.

Idan gindin bango ne ya ruɓe gaba ɗaya, ba lalle sai an sayi bandir mai falle 20 ba. Ana iya yanke ƙasan a miƙe, a zura sababbin guntaye ta ƙarƙashin na sama. Mafi dacewa ma a ɗora bulo layi ɗaya ko biyu, kwanon ya tsaya aƙalla santimita 15 sama da ƙasa, bakinsa a sake yadda zai ɗige ya bushe. Fallen da ramuka suka yi masa yawa kuwa, a cire shi. Kafin a buga sabo a duba katako ko ƙarfen da ke riƙe da shi, gama gara da tsatsa sukan yi aiki tare, ƙusa kuma ba ta kama ruɓaɓɓen katako.

LAFIYAR MAI AIKI

Tsohon fenti, musamman wani jan fentin ƙarfe na zamanin da, yakan ƙunshi dalma. Mutanen ƙasar nan sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a Jihar Zamfara. Ƙurar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, yara kuma ta fi kamawa. A yayyafa ruwa kafin a goge tsohon fenti, a rufe hanci da baki, a kori yara daga wurin, a kwashe kayan abinci, a tattara ɓawon a zubar nesa da rijiya. Kada a ƙone fenti da wuta. Mai walda kuma ya sani hayaƙin tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, kada ya yi aikinsa a rufaffen ɗaki. A sa safar hannu mai kauri da tabarau. Wanda kwano ya yanka ya wanke ciwon ya tafi asibiti a duba batun allurar tetanus, domin ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da dattin da ke jikin tsohon kwano. A kuma dubi wayoyin lantarki kafin a ɗaga falle ko a jingina tsani.

LOKACIN AIKI, DA MAI BIYA

Rani ne lokacin wannan aiki. A Kudu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Arewa akwai sarari fiye da haka. A jira raɓar safe ta bushe, a kauce wa tsakar rana sa'ad da kwano ke ƙona hannu, a kuma kauce wa ranar da hazo ya yi yawa, don kada ƙura ta manne a ɗanyen fenti. Bayan an gama, wanki da ruwa mai kyau sau biyu a shekara, musamman ƙarƙashin inuwar rufi, da zagayen dubawa sau ɗaya kafin faɗuwar damina, sun isa su ƙara wa bango shekaru masu yawa.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ainihin abin da ke kashe yawancin shagunan kwano a kasuwanni. Galibin 'yan kasuwa haya suke yi. Mai shago yana cewa ai ba shi ke ciki ba, ɗan haya yana cewa ai ba nasa ba ne, tsatsa kuwa ba ta jiran su gama gardama. Ran da ruwa ya shiga, mai shago ya yi asarar 'yan fallaye, ɗan haya ya yi asarar jari, sa'an nan a ɗunguma gaban sarkin kasuwa ana rantse-rantse, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da galan ɗaya na fenti da yinin lebura biyu za su iya tsarewa. Abin da ya fi shi ne su zauna tun da rani, a gaban shaidu, su rubuta wanda zai sayi kaya da wanda zai biya aiki, da yadda za a cire daga kuɗin haya. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na zanguna za su taimaki jama'arsu ƙwarai idan suka mai da wannan al'ada, su kuma hana zubar da shara da yin fitsari a bayan shaguna.

Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya sa a ga damina lafiya.